Kafin Kwamfuta Ta Lissafa Ambaliya, Wa Ya Zana Mata Hanyar Ruwa?

Duk wanda ya taɓa yin damina a cikin garin Gombe ya san halin ruwanmu. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, a tsuge kamar da bakin ƙwarya na awa ɗaya ko biyu, kafin a ɗauke kwarurukan da suka ratsa gari sun cika sun batse, ruwa jajawur da laka da yashi, yana gangarowa daga tudun Akko da ke yamma yana neman gabas. Ka koma wurin da safe, ba abin da za ka tarar sai yashi mai danshi da sawun yara. Baƙon da ya zo da rani ba zai yarda cewa wannan busasshen ramin ne ya ci gidajen mutane ba. Mu kuwa da muka ga ambaliyar watan Agustan 2004 ba ma bukatar a ba mu labari.

Daga wancan lokaci zuwa yau an zuba kuɗi sosai a kan zaizayar ƙasa. Shirin NEWMAP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya yi aikin kwarin da ya taso daga Jami'ar Jihar Gombe ya bi ta Malam Inna, shi kuma ACReSAL da ya biyo baya ya ɗauki na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE). A ko'ina a duniya, kafin katafila ta sauka a irin wannan aiki sai injiniyoyi sun yi rahoto, kuma a cikin rahoton akan sami wata taswira mai launi: shuɗi mai duhu inda ruwa zai kai wuya, mai haske inda zai tsaya a idon sawu. Na sha zama a tarurruka daban-daban ina kallon yadda mutane ke karɓar irin wannan taswira. Suna ɗauka hoto ne tauraron ɗan'adam ya ɗauko, don haka ba mai ja. To ba hoto ba ce, amsar lissafi ce. A ƙarƙashinta akwai wani zane da mutum ya zauna ya yi da hannunsa, wanda da wuya a nuna wa kowa. Wannan zanen na ƙasa nake so in warware, domin a ganina a nan ne dacewar aikin ko kuskurensa yake kwance.

Mu fara daga soro. Maginin gargajiya yakan ɗan karkata daɓen rufi domin duk ruwan da ya sauka ya gangara zuwa indararo. Tambaya biyu ce a gabansa ko da bai furta ba. Ruwa nawa zai taru a bakin indararon nan, kuma cikin wane lokaci? Sannan indararon zai iya fitar da shi, ko zai kwanta a sama ya jiƙa azara? Tambaya ta farko ita ce ilimin da masana ke kira haidiroloji, wato lissafin yawan ruwa. Ta biyu ita ce haidirolik, lissafin tafiyar ruwa: zurfinsa, gudunsa, da inda zai malala idan hanya ta yi masa kaɗan. Gari ma rufi ne, sai dai mai faɗi. Duk filin da ruwansa ke haɗuwa ya fita ta ƙofa ɗaya shi ne matattarar ruwa, ƙofar kuma, ko gada ce ko kwalbati, ita ce indararonsa.

Akwai manhajojin da aka gina don waɗannan tambayoyi. HEC-HMS tana lissafin yawa, HEC-RAS tana lissafin tafiya, dukkansu daga wata cibiyar injiniyoyin sojan Amurka da ke garin Davis a jihar Kalifoniya, kuma kyauta ake sauke su. SWMM, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar tun 1971, ta fi ƙwarewa a kan lambatu da magudanan cikin gari. SWAT ta fito daga ɓangaren binciken aikin gona na ƙasar, ana amfani da ita ga manyan koguna da gonaki. MODFLOW, wadda ta bayyana a 1984, ta ruwan ƙarƙashin ƙasa ce. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta san Gombe. Ƙa'idojin lissafi kawai suka sani. Ba su san inda Pantami take ba, ba su san bayan Tumfure ya cika da gidaje ba, sai an gaya musu.

Yadda ake gaya musun ne ya canza. A zamanin HEC-1, magabaciyar HEC-HMS, wadda ta fito a 1968, injiniya lambobi yake jerawa layi bayan layi, a kan kati mai huji da farko, daga baya a allon kwamfuta. Idan lissafin na bukatar a yanka ƙasa gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida sai an rubuta masa tsayinsa da irin ƙasarsa da hannu. Ranar da aka ga gidajen sun yi girma ana so a ƙanƙanta su, aiki ya koma farko, kamar masaƙin da ya gano kuskure a tsakiyar ƙyalle. Dabarar da ta zo daga baya ita ce a raba abu biyu da a da suke cakuɗe: bayanin ƙasa daban, ragar lissafi daban. Ka zana ƙasar a kan taswira yadda ka fahimce ta, ka liƙa wa kowane abu siffofinsa, sannan manhaja ta shimfiɗa ragarta a kai ta kwashi lambobin da kanta. Wannan shi nake kira zanen fahimta. Manhajojin WMS da SMS da GMS, waɗanda suka samo asali a Jami'ar Brigham Young ta jihar Utah, yanzu kuma kamfanin Aquaveo ke sayar da su, sun yi suna da wannan salo. Yau za ka sami irin tunanin a RAS Mapper da ke cikin HEC-RAS, da QSWAT da ke aiki a cikin manhajar taswira ta QGIS.

Kayan zanen uku ne kacal: ɗigo, layi, da kewaye. Ɗigo shi ne abin da ke zaune a wuri guda, kamar ma'aunin ruwan sama, rijiyar burtsatse, ko mafitar matattara. Layi shi ne abin da ke tafiya: tsakiyar kwari, gaɓarsa ta dama da ta hagu, lambatu, titin da aka ɗaga ya zama shinge ga ruwa. Kewaye kuma fili ne da aka zagaye saboda halinsa ɗaya ne: unguwa mai cunkoson kwano, gonar dawa, fadama, fako, maƙabarta. Ana zana su falle-falle, kamar ledoji masu shara-shara da aka ɗora kan juna, fallen ƙasa daban, na gine-gine daban, na magudanai daban. Idan an gama, sai manhaja ta yanka wurin zuwa ƙananan gidaje kamar na dara, dubbai ko dubban ɗaruruwa, ta duba kowane gida ta ga a cikin wane kewaye ya faɗa, ta ba shi lambar wurin.

Injiniyoyi suna yabon wannan salo saboda sauƙi: ka sake raga sau goma, zanenka na nan bai motsa ba. Gaskiya ne. Amma ni abin da ya fi burge ni daban ne. Mai unguwa ba zai iya karanta jadawali mai gida dubu ɗari biyu ba, amma idan ka nuna masa layi a kan hoton unguwarsa zai iya ɗora yatsa ya ce, “Wannan kwarin ba nan ya bi ba.” Zanen fahimta shi ne kaɗai matakin aikin da mai digiri da wanda bai je boko ba za su iya tsayawa a kai su yi gardama da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ta wannan ƙofa ce sanin nasa zai iya shiga cikin kwamfuta.

Fallen da komai ke hawa a kai shi ne taswirar tudu da kwari, wadda ke ba kowane gida tsayinsa daga teku. Wadda ɗalibanmu suka fi saukewa ita ce SRTM. A watan Fabrairun 2000 ne kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana auna doron ƙasa da na'urar rada, abin da ya samo shi ne ake rabawa kyauta, kowane gida kimanin mita 30 tsawo da faɗi. Akwai ta Copernicus ta Tarayyar Turai, ita ma mita 30, da aka gina daga awon da aka yi tsakanin 2011 da 2015. Daga irin wannan taswira manhaja ke fitar da hanyoyin ruwa ta wata ƙa'ida mai sauƙi da aka wallafa tun 1984: kowane gida yana da maƙwabta takwas, ruwansa kuma zai tafi ga wanda gangarensa ya fi tsanani. A bi wannan gida bayan gida, a ƙirga gidaje nawa ke zuba wa kowane gida, sai rassan kwari su bayyana kamar jijiyoyin ganye, iyakar matattara ita ma ta fito. Cikin minti kaɗan an gama abin da a da yake cin makonni da fensir.

Sai dai a tsaya a yi tunanin mita 30. Fuloti mai ƙafa 100 tsawo da ƙafa 100 faɗi, kusan girman gida ɗaya ke nan na wannan taswira, kuma duk abin da ke cikinsa lamba ɗaya ce. Lambatun da faɗinsa bai wuce mita biyu ba ya ɓace. Kwarin da ya yi zurfin mita shida amma bakinsa ƙunci ne, sai ya fito kamar ɗan loɓawa. Kuskuren tsayi a SRTM kan kai mitoci, alhali bambancin rabin mita ne ke raba ɗakin da ruwa ya shiga da wanda ya tsira. Ga kuma shekaru. A 2000 Gombe ba ta cika shekara huɗu da zama babban birnin jiha ba, tunda ranar 1 ga Oktoban 1996 aka cire ta daga Bauchi. Wurare da dama da yau suke unguwanni a lokacin gonaki ne. Wanda ya yi lissafin ambaliyar bana a kan wannan taswira ba tare da gyara ba, garin da babu shi yanzu yake yi wa lissafi.

Na ga wannan da idona a aikin wani ɗalibi da nake dubawa. Ya zo min da murna, taswirarsa ta fito, ga wani tafki shuɗi ya kwanta a bayan wani babban titi, ya shafe gidaje masu yawa. Na san wurin, ban taɓa jin ruwa ya kwana a can ba. Muka hau babur muka je. A ƙarƙashin titin akwai kwalbati mai baki biyu. Rada daga sama take kallo, titin ta gani, ba ta ga ramin da ke ƙarƙashinsa ba, don haka a wurin manhaja titin nan madatsar ruwa ce. Maganin wannan sananne ne: ka zana ɗan gajeren layi ya tsallaka titin, ka ce mata nan kwalbati ne, ga faɗinsa, ga tsayinsa, ga tsawonsa. Muka fito da tef muna awo.

Muna cikin haka wani dattijo da ke zaune a kan benci a ƙofar gidansa ya taso ya zo. Bayan mun gaisa ya ce, “Samari, me ake aunawa?” Ɗalibin ya ce, “Baba, hanyar ruwa muke dubawa.” Ya leƙa kwalbatin ya girgiza kai. “Ɗana, bakin nan na hagu ai ya shekara uku bai sha ruwa ba. Sa sanda ka ji.” Muka sa. Yashi da leda da tsumma sun cike shi har kusan rufi, na daman ma rabi ne a buɗe. Sannan ya ja mu bayan gidansa ya nuna mana katangar bulo, ga wani layi mai launin ƙasa a miƙe, ya ɗan wuce gwiwa. Ya ce, “Na bara ke nan. Kuma ba daga kwarin ya zo ba, Malam. Ta lungun can ya ɓullo, tun da aka katange filin da yake bi.” Ba taswirar da za ka sauke daga intanet ta ba ka wannan. Ranar mun koma da gyara uku: kwalbati mai baki biyu, na hagu a toshe, katanga sabuwa da muka zana a matsayin layi, da ɗigo guda a bangon dattijon mai ɗauke da tsayin ruwa. Da muka sake lissafi tafkin ya ɓace, ruwan ya karkata ta lungun da ya nuna.

Fallen da ke biye a muhimmanci shi ne na abin da ya rufe ƙasa, domin shi ke faɗin kashi nawa na ruwan sama zai nutse, nawa zai gudu. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda hukumar kula da ƙasar noma ta Amurka ta tsara a shekarun 1950, inda ake ba kowane kewaye lamba da ba ta wuce 100 ba. Kwalta da kwano da siminti 98 suke samu, wato kusan ba abin da suke sha. Jigawa mai ciyawa lambarta ƙasa take, ƙasar laka kuma sama. Bari mu yi misali da alƙaluman da na zaɓa don bayani kawai. A ce an yi ruwa milimita 80 a kan matattara mai faɗin murabba'in kilomita 5. Idan wurin gonaki ne masu lamba 70, abin da zai gudu kimanin milimita 20 ne, sauran ƙasa ta shanye. Idan an gine wurin, an yi daɓen siminti a tsakar gidaje, lambar ta koma 90, abin da zai gudu ya kusa milimita 54. Milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan ɗaya ce. Ke nan kwarin da a da yake karɓar abin da ya kai tankar ruwa 10,000 mai cin lita 10,000, yanzu zai karɓi kusan tanka 27,000, daga hadari iri ɗaya. Ba sama ce ta ƙara ruwa ba, ƙasa ce ta daina sha. Kuma duk wannan bambanci yana rataye ne a kan inda mai zane ya ja iyakar kewayensa, da shekarar hoton da ya duba.

A nan ina da ƙorafi a kan yadda muke aiki. Jadawalin waɗannan lambobi daga gonakin Amurka aka tattara shi. Ƙasar Gombe kuwa ba iri ɗaya ba ce ko a cikin gari: ta yamma, a kan shimfiɗar da masana duwatsu ke kira Kerri-Kerri, yashi ne mai shan ruwa amma mai saurin zaizayewa, ta wasu sassan gabas da kudu akwai laka irin ta shimfiɗar Pindiga, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Fakon da dabbobi da ƙafafun mutane suka daddaɓe yana iya zama yashi a taswirar ƙasa, amma a aikace ruwa zamewa yake a kansa kamar faranti. Ba laifi ba ne a fara da jadawalin wasu. Laifin shi ne a tsaya a nan, ba a je an zuba ruwa a ƙasar an ga yadda take sha ba.

Layukan magudanai su ma suna da tasu lambar, ta kaushi. Wani injiniya ɗan ƙasar Ayalan, Robert Manning, shi ya gabatar da ƙa'idar a 1889, kuma har yau da ita ake aiki. Siminti mai santsi kimanin 0.013 yake, rafi na ƙasa mai ɗan ciyawa wajen 0.035, kurmi mai sarƙaƙiya yana kaiwa 0.1. Gudun ruwa yana ƙaruwa daidai gwargwadon raguwar lambar. Ma'ana, idan aka shafe kwari da kankare, ruwan da ke ciki zai iya ninka gudunsa fiye da sau biyu ko da faɗi da gangare ba su canza ba. Wannan alheri ne ga unguwar da aka yi wa aikin. Ga unguwar da ke ƙasa da inda kankaren ya ƙare kuwa, ruwan zai iso mata da wuri, da ƙarfi, a dunƙule. Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa duk zanen da aka nuna min ita ce, ina aka yanke shi? Idan iyakar zanen ta tsaya daidai inda kwangila ta tsaya, mutanen gangare ba sa cikin lissafi, kuma babu launin da zai nuna halin da za su shiga.

Ruwan saman da ake zuba wa lissafin shi ma abin dubawa ne. Gombe na samun kimanin milimita 850 zuwa 900 a shekara, mafi yawa a Yuli da Agusta, amma jimillar shekara ba ita ke karya gada ba. Milimita 80 a cikin awa goma ruwan shuka ne, milimita 80 a cikin awa ɗaya bala'i ne. Yawancin ma'aunanmu sau ɗaya ake karanta su a rana, don haka ba sa bambanta biyun. Bayanan tauraron ɗan'adam irin su CHIRPS, da suka faro daga 1981, suna taimakawa, sai dai gidansu ya kai kilomita biyar, kuma kowa ya san a Gombe ana iya yin ruwa a Bolari a Arawa ko ɗigo. Sannan a kula da kalmar nan ta “ruwan shekara 100” da ke yawo a rahotanni. Ba tana nufin sai bayan shekara 100 zai dawo ba. Tana nufin a kowace damina akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ya zo. Wanda ya zauna a wurin shekara 30, yiwuwar ya gan shi aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100.

Wani tarkon kuma ɗan ƙarami ne amma yana kayar da mutane. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya a kan ma'aunin tantance wuri da ake kira Minna aka yi su, GPS da hotunan tauraron ɗan'adam kuma a kan na duniya mai suna WGS84. Idan aka ɗora su ba tare da juyawa ba, falle zai goce wa falle da gomman mitoci, sai ka ga kwari ya bi ta tsakiyar masallaci.

Akwai abin da ko zane mai kyau ba ya kamawa sosai, kuma shi ne ainihin ciwon Gombe. Lissafin da aka saba yi yana ɗauka cewa kwari yana nan yadda aka zana shi daga farkon ruwa har ƙarshe. Namu kwarurukan tafiya suke yi. Gaɓa tana zubewa, kan kwari yana ci baya yana cin tudu, yashin da aka kwaso daga sama yana cike gada a ƙasa cikin dare ɗaya. HEC-RAS tana da sashen lissafin yashi, amma yana bukatar awon ƙwayar ƙasa da yawan abin da ruwa ke ɗauke da shi, kuma ba kowane aiki ke tanadar kuɗin wannan ba. Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a yi lissafi kashi biyu, ɗaya da kwalbatoci a buɗe yadda aka gina su, ɗaya da su a rabin toshe yadda muke ganinsu a watan Agusta, a nuna wa jama'a duka biyun.

Idan aka fita daga gari salon bai canza ba, girma ne kawai ke ƙaruwa. Kogin Gongola ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa jihar Bauchi, ya yi kwana ta wajen Nafada, ya gangaro madatsar Dadin Kowa mai ba garin Gombe ruwan sha da tashar lantarki mai megawat 40, ya wuce Kiri ya haɗu da Binuwai a Numan. Mai son sanin yawan lakar da ke taruwa a bayan madatsar, da kewaye zai zana gonaki da dazuzzukan da ke sama. Mai son sanin ƙauyukan da ruwa zai taɓa idan aka buɗe ƙofofi, da layi zai zana gaɓa da gadoji. Bayan abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024, ba wanda zai ce wannan lissafi na nishaɗin masana ne. A ƙarƙashin ƙasa ma haka: mutanen Dukku da ke haƙa mai zurfi kafin su ga danshi, lissafin ruwansu da ɗigon rijiyoyi da kewayen shimfiɗun dutse ake fara shi.

Abin da nake so hukumominmu da masu unguwanni da 'yan jarida su riƙa nema, idan an zo musu da taswira mai launi, shi ne a buɗe musu abin da ke ƙasa. Taswirar tudu da kwarin ta wace shekara ce, gidanta mita nawa ne, an yi awo a ƙasa ko da jirgi mara matuƙi don gyara ta? Kwalbatoci nawa aka zana, wa ya je ya leƙa cikinsu? Da wace ambaliya ta gaske aka gwada lissafin aka ga ya yi daidai? Sannan a rubuta cikin yarjejeniya cewa fayilolin zanen mallakar jiha ne, ba rahoton takarda kaɗai ba. Na san aikin da aka biya kuɗi mai yawa, mai ba da shawara ya miƙa kundi mai kyawun bango ya tafi da fallayensa a kwamfutarsa, bayan 'yan shekaru da aka tashi faɗaɗa aikin sai da aka sake komai daga tushe. Wannan ya yi min ciwo, domin zanen fahimta abu ne da ake gada. Yau muna da GOGIS mai riƙe da taswirar filaye, muna da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya a Kashere, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi, ga hukumomin tarayya na NIHSA da NiMet suna fitar da hasashen ambaliya da na damina kowace shekara. QGIS da HEC-RAS ba sa cin ko kwabo. Da za a ajiye zane guda na kwarurukan garin nan a wuri ɗaya, kowane ɗalibi da kowane ɗan kwangila ya ƙara abin da ya auna, da ba a shekara biyar ba muna da abin da ya fi na kowane baƙo.

Ɗalibin nan nawa ya buɗe sabon falle a zanensa ya sa masa suna “shaidar ruwa”. Ɗigon farko a ciki na katangar dattijon ne. Mun yi da shi cewa bana duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, da an idar da sallar asuba za mu fita da tef da alli da waya, mu bi lungunan da ke bakin kwari muna gaisawa da masu gida, muna auna layin da ruwa ya bari a bango kafin rana ta busar da shi ko a shafe shi da tsintsiya.